Zafin Labari da Igiyar Rataya

A watan Janairun 2022 da wuya ka samu gidan da ba a yi maganar Hanifa ba a arewacin Nijeriya. Yarinya ce 'yar shekara biyar, aka ɗauke ta a Kano a farkon Disamba tana dawowa daga Islamiyya, aka nemi iyayenta su biya naira miliyan shida. Da asiri ya tonu, sai ga shi mai makarantar bokon da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko, mutumin da ake miƙa wa amanar yara kowace safiya. Shinkafar ɓera ya ba ta, aka binne ta a harabar makaranta. Mata suka yi ta kuka a kan yarinyar da ba su taɓa gani ba sai a hoto, magana ɗaya kuma ta cika bakin kowa, daga teburin mai shayi har Facebook: a kashe shi yau, kada a kai gobe. Gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya yi alƙawarin sa hannu a takardar kisa da zarar kotu ta gama aikinta. Ranar 28 ga Yulin 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke wa Tanko da wanda ya taya shi hukuncin rataya. Gwamna ya sauka daga mulki a 2023 ba a rataye kowa ba.

Ni ba na cikin masu cewa a soke hukuncin kisa. Wanda ya yi wa yarinya irin wannan ta'asa, aka tabbatar masa da ita a gaban alƙali, ba ni da bakin da zan roƙa masa sassauci. Abin da ke hana ni sakat shi ne hanyar da muke bi mu yanke wa mutum hukunci a zukatanmu, tun kafin ya ga ƙofar kotu.

Labarin kisa ya zama haja mai tafiya. Rediyo na da shi, masu tashoshin YouTube na da shi, wayar kowa cike take da shi. Kusan duk kuwa daga wuri ɗaya yake fitowa: holen waɗanda ake zargi. Kowa ya san hoton. Saurayi ne a tsugune a ƙasa, ba riga, ankwa a hannu, an jera wuƙa da adda da wayoyi a gabansa. A miƙa masa makirfo a ce ya faɗa wa jama'a abin da ya aikata. Ya sunkuyar da kai, murya na rawa, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Cikin minti uku mai kallo ya zama ɗan sanda, ya zama shaida, ya zama alƙali. Ba mai tambayar yadda wannan saurayi ya kwana a daren jiya, ko me ya kumbura masa ido. Alhali sashe na 36 na tsarin mulkin ƙasa ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyansa, a kuma naɗi iƙrarinsa a bidiyo. Dokar hana azabtarwa ta 2017 tana nan a rubuce. Da a ce duka ba ya cikin kayan aikin bincike, da ba a yi wahalar yin waɗannan dokoki ba.

Mun taɓa gwada kisa a bainar jama'a, kuma mun ga iyakarsa. Bayan yaƙin basasa gwamnatin Gowon ta kafa dokar harbe 'yan fashi, aka riƙa ɗaure su jikin durom a Bar Beach da ke Legas, dubban mutane na kallo. A nan aka harbe Ishola Oyenusi a 1971. Shekara goma sha shida bayan haka aka harbe Lawrence Anini da ya addabi Benin. Fashi bai ƙare ba, sai ma salo da ya sauya, har muka iso zamanin da ake kwashe ƙauye guda a shiga da shi daji. Mai niyyar ɓarna ba girman hukunci yake aunawa ba, abin da yake aunawa shi ne ko za a kama shi. A ƙasar da yawancin masu kisa ba a ma gano su, igiyar da aka tanada domin 'yan kaɗan da suka shiga hannu ba ta tsorata kowa.

Akwai kuma abin da ba a iya gyarawa. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello, wanda aka yanke wa hukunci kan fashi, alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu ba a saurare ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ta ba iyalinsa diyya. Ta yiwu da an saurari ƙarar ya faɗi, ta yiwu ya yi nasara, ba wanda zai ƙara sani har abada. A 1985 an harbe mutum uku kan miyagun ƙwayoyi da dokar soja da aka mayar da aikinta baya, wato lokacin da aƙalla ɗayansu ya yi laifin hukuncinsa ba kisa ba ne. A kwanan nan ma, a Jihar Osun, an yanke wa wani matashi hukuncin kisa a 2014 kan fashin da ya haɗa da satar kaji, yana ɗan shekara goma sha bakwai lokacin da aka kama shi, ya kwashe shekara goma yana jiran igiya kafin gwamna ya yafe masa a ƙarshen 2024. Ɗan wa aka taɓa jin ya shiga irin wannan hali cikin masu iya ɗaukar babban lauya?

Wasu za su ce addini ya riga ya raba gardama, kuma haka ne, ƙisasi yana cikin Suratul Baƙara. To amma a karanta babin duka. Shari'a ta ɗora hakkin jini a hannun waliyyan mamaci, su zaɓi ƙisasi ko diyya ko afuwa, in ban da kisan gilla, wanda a mazhabar Malikiyya ba a yafe shi. Ta tsananta sharaɗin shaida, jumhurun malamai ba su karɓar iƙrarin da aka ƙwato da bulala, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa shugaba ya yi kuskure wajen afuwa ya fi ya yi kuskure wajen hukunci. Wanda ya ɗauki ƙisasi ya bar waɗannan sharuɗɗa, fushinsa yake bi, ba shari'a ba.

Halin da muke ciki yanzu kuwa bai yi wa kowa adalci ba. Fiye da mutum dubu uku ne ke zaune a gidajen yarin Nijeriya da hukuncin kisa a wuyansu. Rabon da a ji an zartar tun 2016 a Jihar Edo. Alƙalai na ci gaba da yankewa domin doka ta tilasta musu, gwamnoni kuma sun ƙi sa hannu, da wuya kuma su sassauta, ko da yake sashe na 212 na tsarin mulki ya ba su ikon yin hakan. Uwar da aka kashe wa ɗa tana jiran ranar da ba ta zuwa. Wanda aka yanke wa hukunci, mai laifi ne ko wanda aka zalunta, duk motsin makulli da asuba sai gabansa ya faɗi, shekara ashirin ana abu ɗaya. Chadi ta soke hukuncin kisa a 2020, majalisar Ghana ta cire shi daga manyan laifuka na yau da kullum a 2023. Ko ban yarda da matsayarsu ba, sun fito fili sun faɗa wa jama'arsu inda suka tsaya. Mu kuwa kwamitin da Obasanjo ya kafa ya ba da shawara tun 2004 a dakatar da kisa har a gyara tsarin shari'a, ba a dakatar a hukumance ba, gyaran ma ba a kai ƙarshensa ba.

A daina holen mutane kafin shari'a, a kowace jiha, a kuma hukunta jami'in da ya yi. Duk iƙrarin da ba a naɗa a gaban lauya ba kada a rataye mutum da shi. Wanda ake tuhuma da laifin da ka iya cin ransa, gwamnati ta ba shi ƙwararren lauya tun daga ofishin 'yan sanda. A sa wa ɗaukaka ƙarar kisa wa'adi. Idan shari'a ta kai Kotun Ƙoli ta tabbata, gwamna ya kira iyalan mamaci ya ji ta bakinsu, sannan ya sa hannu ko ya sassauta, ya kuma faɗi dalilinsa a bainar jama'a. 'Yan jaridar da suka cika filin hole da kyamarori su ma suna da bashi a kansu: su bi kowace shari'a zuwa zauren kotu, su gaya mana wa aka samu da laifi, wa kuma aka sallama bayan an gama yaɗa fuskarsa a duniya.