Ra'ayinmu: In An Ƙara Kuɗin Mudu, A Cika Shi

Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, ya san wannan takaici. Ya buga waya Lafiya don ya gai da iyaye, sai murya ta riƙa yankewa, hoto ya daskare, kuɗi kuwa suna ta tafiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Saƙon rubutu yana iya jira ya isa daga baya, amma murya da hoto ba sa jure jinkiri ko na daƙiƙa ɗaya. Idan jama'a suka yi wa turken sadarwa yawa, ko man injinsa ya ƙare, ko masu aikin hanya suka datse wayar da aka binne, magana ta lalace ke nan.

Tun 2001 ake amfani da salula a Nijeriya. A 2012 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ci kamfanoni 4 tarar fiye da Naira miliyan dubu saboda rashin ingancin aiki. A Janairun 2025 kuma ta amince su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin 100.

Saboda haka muna kira ga hukumar da ta auna ingancin waya a Lafiya, Doma, Awe da Keana, ta bayyana wa jama'a sakamakon. Ku kuma masu karatu, ku kai kukanku ta lambarta, 622. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ga mai zaman baƙunci kuwa, yau a waya take.