Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnatin Jihar Filato da ke Rayfield kan Damfarar Gwanjon Intanet

Gwanjon intanet ciniki ne da ake tayin kaya ta shafin intanet, wanda tayinsa ya fi na kowa kafin lokaci ya cika shi ake sallama wa. A Najeriya, wanda aka fi sani shi ne na Hukumar Kwastam. Ta buɗe shi a 2017 lokacin da Hameed Ali ke shugabantar ta, ta sabunta shi a watan Janairun 2024, tana sayar da motoci da kwantenonin da aka kama ko aka bar su suka daɗe a tashar jiragen ruwa. Mai son saye yana yin rajista da lambarsa ta biyan haraji, ya biya kuɗi ta hanyar da shafin ya tanada.

Sunan wannan gwanjo 'yan damfara suke ci da shi. Sukan buɗe shafi a Facebook da hoton jami'i cikin kaki, su jera motoci a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Da mutum ya yi magana sai a ja shi WhatsApp, a nemi kuɗin fom, sannan kafin alƙalami, sannan kuɗin direban da zai kawo motar Jos daga Legas. Kowane biya yana jawo wani, domin wanda ya riga ya zuba kuɗi yana ganin janyewa ita ce asarar. Hukumar ta sha gargaɗi cewa jami'anta ba sa sayar da kaya a kafafen sada zumunta. Alama ɗaya ta isa a gane ƙarya: gwanjon gwamnati ba ya karɓar kuɗi a asusun wani mutum, kuma babu jami'in da zai ware wa kowa mota.

Gwanjon na Tarayya ne, amma waɗanda ake cuta 'yan jiha ne: ma'aikacin da ya ci bashi a ƙungiyar adashi, ɗan fansho, matashin da ke son motar haya. Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyan gwamnatin da ke zaune a Rayfield. Gidan rediyo da talabijin na jihar, PRTV, zai iya maimaita wannan alama da Hausa da Birom da Angas da Tarok, tare da sanar da ranakun gwanjo na gaskiya. Shugabannin dillalan motoci da limaman masallatai da coci-coci za su kai saƙon inda rediyo bai kai ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne karɓar ƙara. Kuɗin damfara ba sa kwana a asusu ɗaya; cikin sa'o'i ake rarraba su ko a cire su a wurin masu POS. Mutane da dama kuma kunya ke sa su yi shiru har lokaci ya ƙure. Ya kamata jiha ta buɗe ofishi guda da lambar waya, inda za a taimaki wanda aka cuta ya sanar da bankinsa nan take, ya adana rasit da saƙonni, a miƙa ƙorafin ga 'yan sanda ko EFCC ba tare da an tozarta shi ba. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga masu sojan gona da damfara ta kwamfuta, kuma waɗannan takardu su ne hujjar da mai gabatar da ƙara zai tsaya a kanta gaban kotu.