Uwar Kwafi: Kafin A Zuba Wa Kwamfuta Ɗari Biyu Manhaja

Duk mai buga bulo ya san cewa idan ƙwaryar bugu ta karkace, babu bulon da zai fito daidai. Wannan makon ina so mu duba irin wannan ƙwarya a ɗakunan kwamfuta, musamman tunda JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta daga 2015, kuma yaranmu na Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu ita ce babbar ƙofarsu ta shiga jami'a.

Cibiyar da ke da kwamfuta fiye da 200 ba ta bin su ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaci yakan zaɓi guda, ya ɗora mata babbar manhaja irin su Windows, ya sabunta ta, ya ƙara manhajojin aiki. Sannan ya goge sunanta da lambar shaidarta da Sysprep, don kada duka su farka da suna ɗaya su rikita sadarwa. Daga nan sai ya ɗauki kwafinta da manhaja kamar Clonezilla, wadda kyauta ce, ya zuba wa sauran ta waya a lokaci guda. Wannan ita nake kira uwar kwafi. Aikin makonni yakan koma na yini.

Sai dai alherinta shi ne haɗarinta. Kuskure ɗaya a jikin uwa zai bi dukkan 'ya'ya. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya mai aibi daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfuta kusan miliyan 8.5 a duniya. Akasin haka ma illa ne, wato a gyara wasu a manta da wasu. A Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya amsa cewa gyaran da bai kai ga wasu na'urori ba ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har suka sake zama. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawarata ga masu cibiyoyi, da manyan makarantunmu irin su Jami'ar Tarayya ta Dutse, ita ce a gwada kwafi a kan kwamfuta kaɗan daga kowane samfuri kafin a game ɗaki, domin kayan gwanjo ba ƙira ɗaya ba ne. A yi amfani da manhaja mai lasisi. A rubuta ranar da aka haɗa kwafi da sunan wanda ya haɗa, a kuma adana tsohon don komawa idan sabon ya ƙi.

Akwai kuma batun gaggawa. Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Gara a ƙidaya su yanzu a sa su cikin kasafi, kafin ɗalibi ya zauna gaban allon da ya ƙi buɗewa, shekararsa ta tafi a banza.