Filin Mota da Direba: Rugugin Inji da Ƙurar Cadi

A wannan wata za mu taɓo wani yayi ne da ya shigo wa samarinmu masu mota a nan Njamena, wato cire akwatin matatar iska da mota ta zo da shi daga kamfani, a maƙala mata wata filta mai siffar mazurari, ja ko shuɗiya, wadda take tsirara a cikin bonet. Wasu ma ba sa wahalar da kansu da sayen komai, cire takardar filtar suke yi gaba ɗaya su mayar da murfi. Da yamma sai ka ji mota tana tafe a titin Charles de Gaulle tana gurnani kamar zaki, mai ita kuwa yana ta murmushi, wai inji ya samu numfashi.

To, gurnanin dai gaskiya ne. A jikin bututun da ke kai iska ga inji akwai wani ɗan kurtu na roba da kamfani ya sa musamman don ya haɗiye ƙarar zuƙar iska, shi ma akwatin filta yana danne sauran. In aka cire su dole ƙara ta fito. Amma ƙara daban, ƙarfi daban. A zirga-zirgar cikin gari, daga Farcha zuwa Dembe, ƙafar direba ba ta danne totur har ƙasa, saboda haka abin da ke tsare iska shi ne marfin totur ɗin, ba filta ba. Ɗan ƙarin ƙarfin da ake faɗi sai an taka mota iya takawa yake bayyana, shi ma ɗan kaɗan ne.

Akwai ma inda ake komawa baya. Akwatin kamfani daga waje yake jawo iska, ta gaba ko ta gefen taya, ita kuwa filtar tsirara iskar cikin bonet take sha, wadda inji da lagireto suka riga suka gasa. Iska mai zafi ba ta da kauri: duk ƙarin digiri 3 yana rage nauyinta da kusan kashi 1 cikin 100. Idan cikin bonet ya fi waje zafi da digiri 30, an yi asarar kusan kashi 10 cikin 100 ke nan. Mu kuwa a watan Afrilu, wajen ma kansa ya wuce digiri 40.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan batun ƙura. Inji yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone kilo 1 na fetur, wato kowace lita guda ta esansi tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Sai mai karatu ya tambayi kansa, wace irin iska ce tamu? A arewacin ƙasar nan, kusa da Faya, akwai kwarin Bodele, tsohon gindin babban Tafkin Cadi da ya ƙafe tun shekaru dubbai. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta kwashi ƙasar wurin, kimanin kwana 100 a shekara, har masana suna cewa babu wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. Ƙurar tana ƙetare teku har dajin Amazon na Amurka ta Kudu, balle mu da muke bakin ƙofa. Hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris nasa ne, ga kuma ta unguwanninmu marasa kwalta, wadda ba ta da lokaci.

Wannan ƙura mai laushi ce a hannu, amma dangin yashi ce. In ta wuce filta sai ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar garin wasa wuƙa, tana cin zobban fistan da bangon silinda a hankali. Mai mota ba zai ji komai ba a watan farko. Daga baya sai inji ya fara shan baƙin mai, salansa ta fara shuɗin hayaƙi, tashi da safe ya zama sai an tura. Daga nan sai zancen yin ringi, a aika Kuseri neman kaya, in ba a samu ba a jira na Ƙofar Ruwa ta Kano su biyo ta Gamboru. Motar gazuwal mai turbo ta fi saurin kwanciya, domin fikafikan turbo ne ke fara karɓar yashin. Masu kilando da ke yi wa baburansu irin wannan aiki su ma zancen ya shafe su, injinsu ma ya fi ƙanƙanta.

Masu sayarwa za su ce filtar auduga ce mai mai a jiki, ana wankewa a mayar. Haka ne, ta ƙwarai tana da amfaninta a wurin tsere, inda ake kwance inji a kai a kai. Sai dai ramukanta sun fi na takarda faɗi, kuma man da ke jikinta ne ke kama ƙura; in ya bushe aiki ya ƙare, in ya yi yawa kuma ya shafi ɗan sansan da ke auna iska a motoci masu injekta, mota ta kama shan mai da kakkatsewa. Jabu kuwa ba ma sai mun ɓata tawada a kanta ba.

Wanda ke son ganin gyaran da ya dace da ƙasar nan, ya dubi Land Cruiser da Hilux masu shiga Sahara. Bututun nan da ke hawa gefen gilashi har saman rufi yana ɗauko iska ne daga sama, inda ƙura ba ta kai ta kusa da taya yawa ba, wasu kuma da ƙoƙon da ke juya iska ya zubar da manyan ƙwayoyi kafin su kai ga filta. Da damina ma yana ceto. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 da ta 2024 a wannan gari sun san yadda titi ke komawa kogi, filtar da aka saukar ƙasa kusa da bamba kuwa in ta zuƙi ruwa, nan take sandar fistan ke lanƙwashewa.

In dai ƙarar ce ta tsone wa mutum ido, makanike zai iya cire kurtun nan kaɗai ya toshe gurbinsa da kyau, a bar filtar takarda a akwatinta. A lokacin hunturu a riƙa duba ta duk mako biyu, a kaɗe ta a hankali, kada a hura mata iskar kwamfureso da ƙarfi don takardar na yagewa ba a gani ba. A kuma kwance bututun da ke bayan filta a shafa yatsa a cikinsa. In yatsa ya fito da ƙura, to ko roba ta tsage ko murfi bai zauna ba, a gyara a ranar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.