Mercure: jirgin da ya yi kyau, ya rasa masaya

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cika mangaza da haja tun bai ji ta bakin masaya ba, zai gane abin da ya sami kamfanin Dassault na ƙasar Faransa. Kamfanin ya yi suna ne wajen ƙera jiragen yaƙi samfurin Mirage. A ƙarshen shekarun 1960 sai maigidansa, Marcel Dassault, ya ƙudurta shiga kasuwar jiragen fasinja masu injin jet, domin ya ƙwace ciniki daga hannun Boeing 737 na Amurka. Gomnatin Faransa ta ɗauki kashi 56 bisa 100 na kuɗin aikin, wato dukiyar masu biyan lanho ke nan.

An raɗa wa jirgin suna Mercure, ya yi tashinsa na farko ranar 28 ga Mayu 1971. Yana ɗaukar fasinja wajen 150, ga sauri, ga lafiya. Saboda tsabar yarda da kai, Dassault ya gina sababbin masana'antu huɗu, yana lissafin sayar da jirage 300, alhali babu wanda ya ajiye ko dala.

Ina gizo ke saƙa? Injiniyoyin sun yi nazari, sun ga galibin tafiye-tafiyen fasinja gajeru ne, sai suka rage wurin zuba mai don jirgin ya yi sauƙi. Da kaya a cikinsa, iyakarsa wajen kilomita 1,700, ko rabin hanyar Paris zuwa Yamai bai kai ba. Lissafin ya yi daidai a takarda. Amma mai kamfanin sufuri yana son jirgin da zai aika kusa da safe, ya aika nesa da marece, kamar yadda mai mota ba ya sayen wadda ba ta wuce Maraɗi zuwa Tasawa. Har Faransawa suka riƙa ba'a cewa ba a sayar da Mercure a waje ba ne don ba shi da man da zai fitar da shi daga Faransa.

Ana cikin haka darajar dalar Amurka ta faɗi a 1971 da 1973, jiragen Amurka suka yi araha. Wanda ya ga karyewar sefa a Janairun 1994 ya san yadda canjin kuɗi ke juya kasuwa cikin dare ɗaya. Tsadar mai ta 1973 ta ƙarasa sauran.

Kamfani ɗaya tak ya saya, Air Inter mai zirga-zirga cikin Faransa, jirage 10. A 1975 aka daina ƙerawa, duka-duka 12 har da na gwaji biyu.

Abin takaicin, jirgin bai ba masu shi kunya ba. Daga Yunin 1974 zuwa Afrilun 1995 ya yi jigilar fasinja miliyon 44 ba tare da an yi asarar rai ba. Ɗaya daga cikinsu yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, kusa da Paris.