Katanga Ba Ta Gadin Gari: Tsaron Unguwannin Masu Hali a Jega

A Jega, kamar sauran garuruwan kasuwanci na Arewa, wanda Allah ya buɗa wa yakan bar cikin gari ya sayi fili a waje. Can zai ja doguwar katanga, ya ɗora mata waya mai ƙaya, ya sa ƙofar ƙarfe da mai gadi da fitilar sola. Da haka sababbin unguwanni na 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da 'yan siyasa suke tashi a gefen hanyoyin da suka fita daga garin. Mazaunansu kan ce unguwarsu lafiya lau take, tunda ba a cika jin an kai ƙara wurin 'yan sanda daga can ba. Maganar tana buƙatar awo, domin kwanciyar hankalin irin waɗannan unguwanni aro ne daga garin baki ɗaya.

Ƙarancin ƙara ba ya nuna ƙarancin laifi. A watan Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da sakamakon wani bincike, inda ta ƙiyasta cewa an aikata laifuka kusan miliyan 52 a Najeriya tsakanin Mayun 2023 da Afrilun 2024, kuma Arewa maso Yamma ce ke kan gaba. An yi ta jayayya a kan girman alƙaluman, amma akwai guda da ya dace da abin da kowa ke gani: cikin gidajen da aka yi wa fashi, kusan kashi 36 cikin ɗari ne kawai suka sanar da 'yan sanda. Mai hali yana da nasa dalilan yin shiru. Idan yaron gida ne ya ɗauki kuɗi, korarsa ake yi a ɓoye. Idan ɗan gidan ne ya faɗa shaye-shaye, rufin asiri ake nema. Littafin ofishin 'yan sanda yana rubuta abin da aka kai masa ne kurum.

Sai kuma a dubi inda arzikin unguwar yake fitowa. Jega tana bakin Kogin Zamfara, a mahaɗar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero, ta wuce Maiyama da Koko zuwa Yawuri da Kontagora, da wadda ta nufi Birnin Kebbi. Tun da Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana ya kafa garin wajen shekarar 1820, kasuwa ce rayuwarsa. Albasar Aliero, da shinkafar fadama, da gero da dabbobin ƙauyukan Maiyama, duk a kan waɗannan hanyoyi suke tafiya. Attajirin da ke barci bayan katanga, dukiyarsa tana kwana a cikin mota a kan titi, ko a rumbun manomin da ya ba bashin taki. Ranar da manomi ya ji tsoron zuwa gona, ko direba ya ƙi tafiyar dare, asarar ta riga ta shiga gidan ba tare da ta taɓa ƙofar ƙarfe ba.

Wannan tsoro ba ya da nisa. A 17 ga Yunin 2021 aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. A Nuwamban 2024 Lakurawa suka kashe aƙalla mutum 15 a Mera, cikin ƙaramar hukumar Augie. A 17 ga Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga, a Danko-Wasagu. Duka a cikin Jihar Kebbi. Masu garkuwa da mutane kuwa mai kuɗi suke nema, kuma sai da ɗan gari akan ci gari: wanda ya san lokacin fitar Alhaji da lokacin dawowarsa shi ne ke nuna hanya.

A nan tsofaffin unguwanni irin su Firchin da Kokani da Magaji suke da abin koyarwa. Gidan gargajiya yana da zaure da ke kallon titi, da dakalin da dattawa ke zama. Baƙo yana da mai masauki, mai masauki yana ƙarƙashin mai unguwa, labari kuma yana hawa zuwa ga hakimi har fadar Gwandu. An mayar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rage ikon sarakuna, amma idon maƙwabci bai mutu ba. A 1961 marubuciya Jane Jacobs ta yi wa masu tsara biranen Amurka irin wannan nuni, cewa idanun mazauna da masu shaguna su ne ke tsare titi. Doguwar katanga tana rufe waɗannan idanu. Wanda ya tsallaka ta ya samu sutura, ihun na ciki ba ya fita, maƙwabci kuma bai san fuskar masu gidan ba balle ya gane baƙuwar fuska.

Wani zai ce mai hali bai yi laifi ba don ya kare iyalinsa, tunda hukuma ta gaza. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe katanga. Sai dai tsaron da kowa ke saya wa kansa yana ture ɓarawo ne zuwa gidan da ba shi da ƙofa, wato gidan mai gadin da direban da mai wankin. Haka kuma yana janye masu faɗa a ji daga matsalar kowa. Da kansa Shugaba Tinubu ya ba da umarni a Nuwamban 2025 a janye 'yan sanda daga gadin manyan mutane, shaidar cewa abin da aka keɓe wa kaɗan daga hannun jama'a aka ɗauke shi.

Abin da ya kamaci masu hali na Jega bai fi ƙarfinsu ba. Kuɗin ƙara tsawon katanga zai iya kafa fitilun sola a titunan da suka haɗa unguwarsu da cikin gari da tasha. Kowace sabuwar unguwa ta samu mai unguwa na gaske, wanda ya san ɗan haya da mai gadi da wanda ya tsaya musu. 'Yan banga a tallafa musu ta hanyar kwamitin tsaron al'umma da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanada, su miƙa wanda suka kama ga hukuma, kada su zama sojojin wani attajiri. Kowace sata a kai rahotonta, ko da ba a sa ran dawowar kaya, domin da rahoto ake neman ƙarin jami'ai. Matashin da ke zaman banza a bakin tasha kuma a ɗauke shi koyon sana'a a shago ko a injin casar shinkafa.

Jega ta yi suna ne saboda fatake sun amince su sauke kayansu a cikinta su kwana. Muddin wannan amana tana nan a kasuwa da kan hanya, unguwar masu hali za ta yi barci. Idan ta gushe, babu tsawon katangar da zai maye gurbinta.