Malami a labo, ɗan kasuwa a biro

Masu saurare, in kamfanin magani ya nuna mini hoton patron kaɗai, tambayata ɗaya ce: wa ke cikin labo? Ku dubi PeptiDream na Japan, masu neman magani daga peptid, wato gajerun sarƙoƙin amino asid, ƙannen furotin ke nan. A 2006 Farfesa Hiroaki Suga na Jami'ar Tokyo da Kiichi Kubota suka kafa shi. Suga, mai fasahar, bai hau kujerar shugaban kamfanin ba, ya ci gaba da bincikensa a jami'a. Kubota ya riƙe kuɗi da kwangila. Wallahi rabon nan ya burge ni. A 2013 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo.